Kazar Malam da Ƙafar Bashir

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habu maɗori. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, yau ma sau ɗayan nan na rubuta, daga nan sai Malam. Waɗanda suka zauna a Alƙahira a wancan lokacin sun san shi, ko a teburinsa na turare da carbi a Darrasa, ko a gidanmu na Abbasiya, hawa na biyar, inda ake hawo da mai karaya a kan kujera mutum huɗu suna haki. Ni kuma Ladi ce, mai tuwon ɗalibai. Bayan ya tafi na shiga koyon boko wajen matan ɗalibai don kaɗaici ya ishe ni, shi ya sa ban aiki kowa ya rubuta mini wannan ba. In kun ga magana ta fito a tsaye, haka bakina yake.

Abin da ya tayar mini da zancen, gardamar da ɗalibai ke yi a kan tabarmata duk ranar Litinin bayan azahar. Suna cin tuwo suna musu a kan 'yan ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano da kafaɗun roba, ƙwallon kamar gwanda, mutum ya rungume ta ya ruga, ƙarti su bi shi su danne. Akwai wani ɗan wasa can, ban riƙe sunansa ba, an ce duk shekara sai ya ji rauni. Wani ɗan Zariya ya ce, "Wannan ai gilashi ne, da ni ne mai ƙungiya da tuni na sallame shi." Wani ɗan Maraɗi ya ce, "Kai dai faɗi alheri. Rashin sa'a ne. Ƙato ya faɗo maka a gwiwa ta baya, ko ƙarfe ne kai sai ka lanƙwashe." Suka juyo gare ni wai Inna ta raba gardama. Na ce su ci tuwonsu kafin ya huce. Amma abin bai bar ni ba, don na san wanda ya taɓa raba irin wannan gardamar, na kuma san abin da ta ci masa.

Malam gadon ɗori ya yi. Kakansa ya taso daga ƙasar Gobir da niyyar Makka a ƙafa, ya tsaya a Sudan wajen Sinnar ya yi noma ya hayayyafa. A can aka haifi Malam, a can aka aura masa ni, daga can muka gangaro Masar da 'yarmu ɗaya a goye. Hannunsa kuwa ban ga irinsa ba, kuma ba don mijina ne na faɗa ba. Ba ya tambayar ina ke ciwo. Zai ɗora yatsu uku ya bi ƙashin a hankali, yana jan mutum da hira a kan garinsu da wa ya yi aure wa ya haihu, kafin mai ciwo ya ankara ya ja ya mayar. Ƙara ɗaya ake yi. Ya shafa man shanu, ya jera 'yan sanduna, ya ɗaure. A gida da karan dawa ake yi. Nan babu kara, sai ya koma karɓar tsohon kejin da masu burodi ke ɗauka a ka, na reshen dabino, yana fasawa yana feƙewa da wuƙa. Ko cikin ruwan sanyi aka buga ƙofa zai tashi, kuma bai taɓa tambayar mutum ɗan wace ƙasa ba ne.

Sai maganar kaza. Ba kowane maɗori ke yin wannan ba, su a gidansu haka suka tarar. In an kawo mai karaya sai a kamo kaza, Malam ya karya mata ƙafa, dama in dama ce, hagu in hagu ce, ya ɗaure ta yadda ya ɗaure mutumin. Ranar da kazar ta taka ƙafar ta yi tono da ita, ranar ake kwance majinyaci. Ni ke kiwon kajin a saman bene, ni ke hawa kullum in duba, ni ke sauko da labari. Yawanci sati uku ne, wani lokaci da 'yan kwanaki a kai. Ban taɓa son ƙarar da ƙafar kazar ke yi ba, amma ban taɓa magana ba. Shekara talatin da wani abu muna haka, babu wanda ya dawo ya ce ɗorin Malam ya warware.

Bashir ɗan ƙawata Hajja Sakina ne. Su ma Hausawan Sudan ne, gudun hijira ya kawo su, mahaifinsa ya rasu tun suna can. Shekararsa ashirin da uku a lokacin. Ƙato ne, in zai shigo ɗakina sai ya sunkuya, malmala huɗu yake ci ya ce a ƙaro miya. Da safe yana ɗaukar kaya a wani shagon firji, da yamma ya hau metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Ma'adi inda wata ƙungiya ke buga wannan ƙwallon. Aikinsa a fili shi ne a miƙa masa ƙwallo ya ratsa ta tsakiyar mutane. Ya iya, har wata ƙungiya a Turai, irin masu biyan albashi, ta aiko tana tambaya a kansa. Ga mutumin da takardar zamansa sai an bi layi an sabunta bayan 'yan watanni, wannan ba wasa ba ne. Ƙofar fita ce, shi da uwarsa da ƙannensa mata biyu.

Ana cikin haka wani ya faɗo masa a ƙafar hagu, siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ya karye, sama da idon sawu kaɗan. A asibiti aka ce sai jibs, wannan farin simintin da ake zuba wa ƙafa, a bar shi wajen wata biyu, sannan a fara koya wa ƙafar gudu. Bashir ya duba ya ga wasannin shekarar za su ƙare yana kwance, mutanen Turai ba su gan shi ba. Uwarsa kuma dama ba ta yarda da jibs ba, ta ce ƙafa ruɓewa take yi a ciki. Suka hawo da shi wurinmu.

Malam ya ɗaure shi, ni na kamo wata jar kaza. Kwana ashirin da biyu ta yi tono. Malam ya kwance, ya latsa nan ya latsa can, ya ce, "Taka mu gani." Ya taka.

"Baba Malam, in koma fili?"

"Khalas, shi ke nan, ka warke. Allah ya kiyaye gaba."

Ya sumbaci hannun Malam ya sauka bene da gudu. Wasa na biyu da komawarsa ta sake karyewa, a daidai wurin. Aka sake hawo da shi, na sake kamo kaza, fara wannan karon. Ta yi tono, aka kwance, ya koma. Ta uku ko taɓa shi ba a yi ba. Juyawa kawai ya yi a wajen atisaye aka ji ƙas. Ranar abokan wasansa ba su tambayi kowa ba, asibiti suka wuce da shi aka zuba jibs har gwiwa.

Daga nan gari ya rabu biyu, kamar dai ɗaliban nan nawa. 'Yan ƙungiyarsu suka sa masa suna Baskota, wato biskit, haka Misirawa ke ce wa mutumin da ba ya jure komai. Hajja Sakina da matan unguwa suka ce baki ne, an ga yaro zai tafi Turai an sa masa ido, aka shiga rubutu da hayaƙi. Ni ma na sa baki, kuma nawa ya fi na kowa muni, don a ɗakin uwarsa na faɗa, yana kwance bayan labule. Na ce, "Sakina, ɗan nan naki jiki ne kawai, ƙashin kifi gare shi. A nema masa aikin zama." Mai horar da su, wanda suke kira Kaftin, ya ce ba zai ɓoye wa mutanen Turai ba, karaya uku cikin wata uku. Ya gaya musu, suka yi shiru.

Malam bai shiga kowane ɓangare ba. Abinci dai ya rage ci. Wata Juma'a bayan an sauko ya ce in sa mayafi in raka shi Ma'adi, yana son ganin wasan nan da idonsa. Sau biyu ya ɗaure ƙafar ɗan ƙwallo amma bai taɓa ganin ƙwallon ba, a zatonsa irin wadda ake bugawa da ƙafa ce a lungu. Muka zauna a kan benci. Aka busa usur, mutum ashirin da wani abu suka yi karo, ƙarar kamar an watsar da kwanuka daga bene. Wani ya ruga da ƙwallo, uku suka tare shi, ɗaya ta sama, biyu ta ƙafafu. Malam ya damƙe wuyan hannuna. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa riƙe ni a gaban mutane ba.

"Wannan shi ne wasan?"

Na ce, "Shi ne."

"Nan na aiko shi. Sau biyu."

Muka dawo gida. Washegari bai buɗe tebur ba. Ya ɗauki sandarsa ya shiga bin mutanen da ya taɓa yi wa ɗori, gida gida, daga Darrasa har bayan Abbasiya. Kwana uku yana yi. Rana ta uku da la'asar ya same ni a saman bene ina watsa wa kaji dawa, ya zauna a kan bulo.

Ya ce, "Na je wurin Isa tela. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, ranar da na kwance shi ya taka keken ɗinki? Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce, Malam, sai da na ƙara wata guda ina ɗinki da ƙafa ɗaya. Na ce me ya hana ka faɗa mini? Ya ce, haba Malam, in hawo bene biyar in ce maka kazarka ta yi ƙarya?"

Mutum bakwai ya gani, bakwai ɗin duk haka. Wata tsohuwa ta ce tana isa gida ta mayar da ɗaurin da ɗankwalinta. Wani ɗalibi da ya zama malami ya ce ya sayi bandeji a kemis ya ɓoye ƙarƙashin jallabiya, in ya hango Malam a masallaci sai ya cije ya miƙe tafiyarsa har ya wuce. Kowa ya ji nauyinsa. Dattijo ne, ya yi maka aiki da hannunsa, ya yi maka addu'a, ya ce ka warke. Sai ka ce na gode, ka je ka yi jinyarka a ɓoye. Kuma dukansu masu zama ne, tela da ɗalibi da mai sayar da littafi. Ba wanda aikinsa ya ce ya je ƙarti uku su hau masa ƙafa.

Sai ya ɗago ya dube ni. "Ke fa?"

Na taɓa zamewa a matakala shekarun baya na karya ƙafar dama, shi ya ɗaure ni, ya kwance ni ranar da kaza ta ce. Na so in yi ƙarya, amma idonsa bai bar ni ba. Na ce, "Ina jin ka sauka nake mayar da sandunan. In na jiyo tarinka a hawa na uku sai in kwance in tura ƙarƙashin katifa. Sati biyar ina yi."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba. Ya ce, "Ashe duk garin nan mutum ɗaya ne ya yarda da maganata." Ya miƙa hannu ya cafko farar kazar nan, ya jinjina ta da hannu ɗaya, ya ajiye. "Wannan abar da iska ke ɗauka, ita na sa ta yanke wa Bashir hukunci."

A nan ne na fi jin kunya, ba a maganar katifa ba. Ni da na san ƙafata ba ta warke a sati uku ba, ni ce na buɗe baki na ce yaron mutane ƙashin kifi gare shi. Ban haɗa biyun ba, ko kuma ban so in haɗa ba.

Da ya ce gobe zai koma Ma'adi ya faɗa wa Kaftin, na hana shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce na ƙarfafa masa gwiwa ba. Na ce, "Malam, ka bar kazar a hankali. Ka riƙa ƙara wa mutane kwanaki, wa zai sani? Sunanka ne, sunan babanka ne, sunan kakanka ne. Za ka je gaban yaran Misirawa ka zubar?"

Ya ce, "To sunan Bashir fa? Shi ba shi da kaka?"

Muka je ranar atisaye. Malam ya sa farar jallabiyarsa ta Idi ya naɗa rawani. Kaftin mutumin kirki ne, da ya ga dattijo sai ya ce su koma gefe a kawo shayi. Malam ya ce a'a, a gaban waɗannan aka sa wa yaron suna, a gabansu za a cire. Aka tara su, suna ta gumi da hulunansu a hannu. Ya yi musu bayani da Larabcinsa na Sudan, bai rage komai ba, har launin kajin sai da ya faɗa. Ya ce ƙafar nan sau ɗaya ta karye, ranar da aka faɗo mata. Sauran biyun ba sabuwar karaya ba ce, tsohuwar ce da ba a bari ta haɗe ba, kuma shi ne bai bari ba.

Sai wani daga baya ya ce, "Farkha?" wato kaza. Wani ya yi kukan kaza. Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Malam yana tsaye da sandarsa, bai sunkuyar da kai ba, bai ɗaga murya ba, ya jira suka gama. Kaftin kam bai yi dariya ba, fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Ya Hajj, ka san saura kaɗan ka gurgunta shi?"

"Na sani. Shi ya kawo ni. Ka rubuta wa mutanen nan cewa karaya ɗaya ce, wani tsoho jahili ya sallame shi kafin lokaci. Ka sa sunana, ba na jin tsoro."

Ni dai bakina bai iya haƙuri ba. Na ce, "Kai kuma Kaftin, likita ya ce wata biyu, yaro ya dawo maka a sati uku. Ka tambaye shi wa ya sallame shi, ko dai kana buƙatar mai ratsa mutane ranar Juma'a?" Ya kawar da kai. Malam ya ce, "Ladi, ba laifinsa ya kawo mu ba." Na bar maganar, amma ban janye ba, har yau.

Juma'ar da ta biyo ya sake faɗa a Darrasa, inda mutanenmu ke tsayawa gaisawa bayan salla. Wannan ta fi ta Ma'adi zafi, don waɗannan su ne mutanensa. Kafin wata ya ƙare an sa masa Duktur Farkha, likitan kaza, yara na faɗa a lungu in ya wuce. Matakalarmu da ba ta rabo da haki ta yi tsit. Yayansa ya kira daga Sinnar ya ce ya tozarta gidansu a ƙasar mutane, bai sake kiransa ba sai da ya ji yana ciwon ajali. Hajja Sakina ta yi shekara ba ta amsa sallamata. Abin da ya fi ba ni haushi, waɗanda suka ɓoye masa gaskiya shekara da shekaru su ma suka yi fushi, wai ya sa sun zama maƙaryata. Ni kaina na yi watanni ina ajiye masa abinci ba magana. Shi kuwa ya ci gaba da buɗe teburinsa. In an kawo targaɗe ko gocewar ƙashi yana gyarawa, don a nan babu likitan da ya fi shi. In karaya ce sai ya ce a je a ɗauko hoto a ji abin da asibiti ta ce. Bai sake taɓa ƙafar kaza ba.

Bashir ya yi wata biyar cur bai taɓa ƙwallo ba. Likita ya duba ya ce ƙashinsa lafiya lau, ya fi na yawancin mutane kauri ma. Kaftin ya rubuta, ya haɗa da takardar likitan. Ƙungiyar farko ba ta waiwayo ba, ta riga ta ɗauki wani. Sai bayan shekara ɗaya da rabi wata ƙarama ta kira shi. Ya tafi, ya yi shekara shida yana wasa ana biyansa, ya ɗauke uwarsa da ƙannensa. Kuma kada ku zaci daga nan bai sake jin ciwo ba. Kafaɗa ta goce, gwiwa ta yage aka yi aiki, kansa ya bugu sau biyu har yana mantuwa. A can ma an sami masu cewa ba shi da ƙwari.

To da Malam na nan, ya zauna a gefen tabarmar nan ranar Litinin, me zai ce wa ɗan Zariya da ɗan Maraɗi? Ban san Amurka ba, ban taɓa wuce Iskandariyya ba. An ce suna da injin da ke ganin jijiya kamar zare a tafin hannu, kuma na yarda. Na san ba zai ƙaryata ɗan Zariya gaba ɗaya ba, don shi da kansa yakan ce akwai mutanen da Allah ya yi wa gaɓoɓi sakwa-sakwa, yana jin su a yatsunsa. Ba zai ƙaryata ɗan Maraɗi ba, don karayar Bashir ta farko ba wanda ya isa ya kauce mata. Amma na tabbata tambayarsa ta farko ba a kan jikin ɗan wasan za ta zama ba. Zai ce, wa ya kwance shi, kuma yaushe? Wanda ya ce masa ka warke, wa yake yi wa aiki? Akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana jiran wurinsa in ya ƙara sati biyu a kwance? Inji yana ganin jijiya, amma ba inji ke cewa yalla, maza koma fili ba, mutum ne, kuma mutumin yana da wasa ranar Lahadi.

Abin da ni na gani da idona shi ne wannan. Mu da muka ce na gode muka je muka ɓuya muka yi jinya, mu aka ce muna da ƙashi mai kyau. Wanda ya fi mu yarda, ya fi mu zuciya, ya cije ya koma da wuri, shi ya karye sau uku aka ce masa biskit. Don haka in na ji an ce wane duk shekara yana kwance, ba na saurin cewa gilashi, ba na saurin cewa ƙaddara. Mai yiwuwa ciwo ɗaya ne yake ta biya shekara biyar. Mai yiwuwa kuma gilashin ne. Daga tabarmar Abbasiya ba a ganewa, kuma na taɓa yanke wa wanda ke kwance bayan labule hukunci na ga inda ya kai ni.

Malam ya rasu da sanyi, ciwon ƙirji, shekara huɗu bayan zuwanmu Ma'adi. Jana'izarsa ba ta cika yadda ta kamata ba, wannan ma zan faɗa, waɗanda ba su zo ba sun san kansu. Bashir yana tsakiyar wasanni, ba a ba shi izini ba.

Sai bana ya zo, bayan ya daina wasa. Ya hawo bene biyar ɗin nan, sau biyu yana tsayawa saboda gwiwa. Na zuba masa tuwo, malmala biyu ya ci ya ce likita ya hana. Na ce masa akwai maganar da na faɗa a ɗakin uwarsa da nake neman gafara. Ya yi dariya ya ce, "Habboba, ta ƙashin kifi? Ai na ji ki sarai. Ita ta riƙa tashe ni atisaye in na ji kasala." Habboba kaka ke nan a bakin mutanen Sudan. Na ce to na ji, amma ya gaya mini gaskiya, don Malam ya tafi bai tambaya ba, kuma na san abin na cin sa. Ƙungiyar farko babba ce, da ita ta ɗauke shi da Allah kaɗai ya san inda zai kai. Shekara ɗaya da rabi ta ƙuruciyarsa ta tafi. Yana riƙe da Malam a zuciya?

Ya ce, "Na riƙe shi, ba zan ɓoye miki ba. Kusan shekara biyu ko sunansa ba na son ji. Amma Habboba, a can sau huɗu aka mayar da ni fili ban gama warkewa ba. Masu digiri ne, da farar riga da inji. Duk lokacin da na sake faɗuwa sai a ce jikina ne. Ko ɗaya bai taɓa zuwa gaban abokan wasana ya ce laifinsa ne ba." Ya wanke hannu ya ce in sa mayafi in nuna masa kabarin.

Ɗorin gidansu a kan Malam ya ƙare, ba wanda ya gada, kuma shi ya yanke shi da hannunsa. Mutane da yawa za su ce asara ce. Ni da na kwana da mutumin shekara arba'in da ɗaya ina ganin a duk ƙasusuwan da ya haɗa babu aikin da ya kai tsayuwar nan ta Ma'adi, ana kukan kaza a kunnensa yana jira a gama ya ƙarasa maganarsa. Allah ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa abin da ya yi bisa rashin sani, mu kuma ya yafe mana abin da muka sani muka yi shiru.